Ƙofar Kabad Mai Rufuwa a Hankali: Gyaran da Ba Sai An Ɓalle Kicin Ba

A gidaje da yawa a Kano da Kaduna da Abuja, kabad ɗin kicin ta ƙofa yake fara mutuwa. Jikinsa na nan garau, dutsen da aka shimfiɗa a kansa na ƙyalli, amma ƙofa ɗaya ta sunkuya, wata ta daina haɗuwa da 'yar'uwarta, wata kuma an cire ta ɗungurungum an jingine a bayan firji. Uwargida ta ɗora laifin a kan kafinta, shi kuma ya ɗora a kan yaran gida da 'yar aiki. Kowa yana da ɗan abin kamawa a maganarsa. Sai dai abin da ya fi cin ƙofar shi ne bugun da take sha duk lokacin da aka sake ta ta koma garam, tun daga shayin safe har wanke-wanken dare.

Ƙofar kabad tana rataye ne a kan hinjis biyu, kowanne kuma sukuru huɗu ne ke riƙe da shi, biyu a jikin ƙofa, biyu a bangon kabad. Tsawon sukurun bai cika wuce milimita 16 ba, don allon da ya shiga kaurinsa milimita 18 ne, wani lokaci ma 15. A cikin hinjis ɗin akwai sifirin da ke fizgar ƙofa idan ta kusa rufuwa, saboda kada ta tsaya a buɗe. Idan aka haɗa fizgar sifirin da turin hannun mai sauri, ƙofar na isa jikin kabad da gudu, ta tsaya nan take, girgizar kuma ta sauka a kan waɗannan ƙananan sukurori. In gudun ƙofa ya ninka sau biyu, ƙarfin bugun sau huɗu yake ninkawa. Yau kaɗan, gobe kaɗan, ramin sukurun yana buɗewa har ya daina riƙo.

Akwai maganin wannan a kasuwa, kuma ya daɗe da zuwa. 'Yan kasuwa da kafintoci na ce masa hinjis mai haidirolik. Duk yadda aka wurga ƙofar, in ta kusa isa sai ta rage gudu da kanta, ta kwanta a hankali ba ƙara. Mutane da yawa sun ɗauka sai a sabon kicin na masu hali ake samun wannan, ko kuma sai an ɓalle tsohon kabad an yi sabo. Ba haka ba ne. Mafi yawan kabad ɗin da aka yi da allo a shekarun nan za a iya mayar da ƙofofinsu haka a wuni guda, da sukundireba kawai. Ni a ganina wannan ba kayan ƙawa ba ne, yana daga cikin gyare-gyaren da suka fi biyan kuɗinsu a gida. Amma sai an san irin hinjis ɗin da ake da shi, an kuma duba lafiyar allon da zai riƙe sabon.

Daga maƙerar takalmin doki

Kicin mai kabad jere a bango ba tsohon abu ba ne ko a Turai. Wata mai zanen gine-gine 'yar Ostiriya, Margarete Schütte-Lihotzky, ita ce ta tsara shahararren kicin na birnin Frankfurt a 1926 don gidajen ma'aikata, kuma daga irinsa ne salon ya bazu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da buƙatar kayan ɗaki ta yi yawa, masana'antun Turai suka koma aiki da allon da aka matse daga ɓarɓashin katako, suka kuma daidaita a kan ma'auni ɗaya: ramuka masu faɗin milimita 5, tazarar milimita 32 tsakanin rami da rami, layin farko kuma milimita 37 daga bakin kabad. A kan wannan tsari aka gina ɓoyayyen hinjis da muke gani yau, mai kai kamar ƙoƙo wanda ke nutsewa cikin rami mai faɗin milimita 35 a bayan ƙofa.

Kamfanonin da suka yi suna a harkar kaɗan ne. Akwai Hettich na Jamus, wanda asalinsa ya koma 1888. Akwai Salice na Italiya da ke garin Novedrate kusa da Como. Akwai kuma Blum, wanda wani maƙeri mai suna Julius Blum ya kafa a 1952 a garin Höchst na Ostiriya, abin da ya fara ƙerawa kuwa ƙusoshin takalmin doki ne masu hana santsi. A 2001 kamfanin ya fito da na'urarsa ta rage gudu mai suna Blumotion. Hettich na da nasa a cikin hinjis ɗin Sensys, Salice na da Silentia. Daga baya masana'antun Sin, musamman na lardin Guangdong, suka cika duniya da nasu, daga mai kyau irin na kamfanin DTC har zuwa wanda ko suna ba shi da shi. Mafi yawan abin da ake gani a shagunanmu daga can yake.

Amfanin wannan tarihi ga mai gida a Sakkwato ko Maraɗi ɗaya ne. Tunda kusan kowa ya bi ma'aunin milimita 35, ramin da kafinta ya huda a ƙofarka shekaru da suka wuce zai karɓi ƙoƙon sabon hinjis ba tare da an sake huda ba.

Abin da ke rage gudun ƙaramin bututu ne da aka cika da mai, galibi man silikon, da fistan a ciki. Wanda ya taɓa danna sirinji cike da ruwa ya san yadda abin yake: in ka danna a hankali yana tafiya, in ka danna da ƙarfi sai ya turje, domin ruwan ta ƙaramar kafa ɗaya zai fita. Haka man ke bi ta siririyar kafa a jikin fistan. Shi ya sa ƙofar da aka tura da fushi da wadda aka saki da lallashi duk suke isa kusan da taushi ɗaya. Bututun ba ya jan ƙofa, birki kawai yake yi a ƙarshen tafiya. Mai ja shi ne sifirin. A riƙe wannan, domin a nan mutane da yawa suke asarar kuɗinsu.

A buɗe ƙofa a duba tukuna

Kafin a je kasuwa, a buɗe ƙofar a dubi abin da ke riƙe da ita. In hinjis ɗin mai fukafukai biyu ne a fili, irin na ƙofar ɗaki ko taga, kuma maganaɗisu ne ko sakata ke tsare ƙofar in an rufe, to babu sifirin a ciki. Irin wannan kabad, wanda tsofaffin kafintoci suka yi da katako na gaske, in aka maƙala masa bututun rage gudu sai ƙofar ta tsaya a hangame, domin ba abin da zai ƙarasa da ita. Mafita a nan ita ce a huda ramin ƙoƙo a sa ɓoyayyen hinjis, kuma wannan aikin kafinta ne mai injin huda da baki na musamman mai faɗin milimita 35. Zurfin ramin yakan kai milimita 11 zuwa 13. A ƙofar da kaurinta 15 ne, ɗan abin da ya rage a gaba bai taka kara ya karya ba, hannu ya ɗan zarce sai tsinin bakin ya ɓullo ta fuskar ƙofa. Kada a bar yaron shago ya koyi wannan aiki a kan ƙofarka.

In kuwa ɓoyayyen hinjis ne mai ƙoƙo, aiki ya zo da sauƙi, sai a lura da yadda ƙofar ke zama a kan kabad. Wata tana rufe kaurin bangon gaba ɗaya, hinjis ɗinta hannunsa miƙaƙƙe ne. Wata tana raba bango ɗaya da maƙwabciyarta, kowacce ta rufe rabi, nata hannun yana da ɗan lanƙwasa. Wata kuma tana shigewa cikin kabad ne ta yi daidai da bakinsa, nata lanƙwasar ta fi zurfi. A kicin guda ana iya samun iri biyu. Wanda ya sayo miƙaƙƙe zalla alhali wasu ƙofofinsa masu raba bango ne, zai tarar suna gogar juna, ba kuma juyin sukurun da zai raba su.

Sai tazarar sukurori biyun da ke gefen ƙoƙon. Nan ne kamfanonin ba su daidaita ba. Na Blum milimita 45 ne tsakaninsu, na Salice 48, na Hettich 52, kuma yawancin na Sin 48 suke bi. Bambancin milimita uku ya fi na bakwai wahala, domin sabon rami zai faɗa a gefen tsohon, su haɗe su zama rami ɗaya mai faɗi. Hanyar da ta fi tsaro ita ce a kwance hinjis ɗaya tare da ƙarfen da yake zama a kai a bangon kabad, a sa a aljihu, a je da shi Ƙofar Ruwa ko 'Yan Katako na Na'ibawa a Kano, ko Dei-Dei a Abuja, ko Katako a Yamai, a ɗora shi kusa da sabon a gwada. Hoton waya ba ya nuna milimita.

Canja hinjis ɗin gaba ɗaya shi ne abin da na fi so, in aljihu ya yarda, domin ana samun sabon sifirin da sabbin mahaɗai, babu kuma abin da ke leƙowa a cikin kabad. Kicin mai ƙofa 12 zai ci hinjis 24, ko fiye in akwai dogayen ƙofofi. Ƙofar da ta haura mita ɗaya uku take so, ta ma'ajiyar abinci mai kai wa mita biyu kuma huɗu ko biyar gwargwadon nauyinta. Ba dole a yi duka rana ɗaya ba. A fara da ƙofofin da aka fi buɗewa, na kofuna da na kayan shayi da na ƙarƙashin wurin wanke-wanke.

Wanda hinjis ɗinsa ke da lafiya yana iya barin su ya ƙara bututun kaɗai. Akwai wanda ake ɗaurewa da sukuru biyu a kusurwar sama ta cikin kabad, ta ɓangaren hinjis, kan fistan ɗin ya leƙo ya tari ƙofa. Wannan ba ruwansa da kamfanin da ya yi hinjis ɗin, kuma mai kyau yana da ɗan abin murɗawa a baya na ƙara ƙarfi ko ragewa. Akwai wanda ake huda masa rami mai faɗin milimita 10 a kaurin bangon a cusa shi ciki. Akwai kuma wanda ake ɗanawa a kan hannun hinjis ɗin ba tare da sukuru ba, kamar samfurin 973A na Blum, sai dai shi a kan hinjis ɗin kamfaninsa kawai yake zama. Ga matsakaiciyar ƙofa bututu ɗaya ya isa, kenan ƙofa 12 guda 12 za ta ci. Ga ɗan haya da ba ya son zuba kuɗi mai yawa a gidan wani, wannan ce hanyar, don in zai tashi yana iya kwance abinsa.

Ƙananan ɗigon roba da ake mannawa a kusurwar ƙofa ma suna da nasu amfanin. Suna rage ƙara sosai, kuɗinsu kuma ba wani abu ba ne. Amma ba sa rage gudu, saboda haka sukurun na ci gaba da shan girgiza.

Allon ne ke yanke hukunci

A nan ne nake ganin aka fi yin sakaci. Mafi yawan kabad ɗin da ake yi yanzu da MDF ne ko HDF ko allon ɓarɓashi, wato garin katako ko ɓarɓashinsa da aka cakuɗa da gam aka matse, aka lulluɓe da fata mai ƙyalli. Katako na gaske yana da jijiya da ke kama sukuru, in ramin ya buɗe a cusa tsinken ashana da gam ya koma riƙo. Allon ɓarɓashi ba shi da jijiya. In ramin ya ɓurme gari yake zama, in kuma ruwa ya shige shi sai ya kumbura, ba ya komawa yadda yake ko ya bushe. Sabon hinjis mai tsada a kan ruɓaɓɓen rami ba zai yi wata biyu ba, daga nan kuma sai a ce haidirolik ɗin ne ba shi da kyau.

Don haka in an kwance tsohon, a sa sukuru a ramin a murɗa da hannu. In ya kama ya tsaya, madalla. In yana ta juyawa ba ya tsayawa, sai an gyara kafin a ci gaba. Gyaran da ya fi ƙarko shi ne a faɗaɗa ramin da injin huda zuwa milimita 8, a shafa farin gam na kafinta, a buga guntun zagayayyen katako a ciki, a yanke daidai da fuska, a bar shi ya kwana, sannan a huda ƙaramin ramin jagora a ɗaura sukuru. In wurin ya farfashe da yawa, akwai farantin ƙarfe da ake sayarwa don wannan matsala, wanda ke rufe wurin da ya lalace ya kama lafiyayyen allo da sukurori da dama a kewaye. In ɓarnar ta wuce haka, sai a matsar da hinjis ɗin sama ko ƙasa a huda sabon rami. Abin da bai kamata a yarda da shi ba shi ne dogon sukuru ko ƙusa. Dogon sukuru zai ɓullo ta ɗaya gefen, ƙusa kuwa tsaga allon take yi, kuma da ita an rufe ƙofar daidaitawa har abada.

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare tun da injin ɗaure sukuru mai batir ya yawaita a hannun masu aiki. Ana danna shi har sukurun ya zarce, ya cinye haƙoran da ya yi wa kansa a cikin allon. Ƙofar da aka ɗaura haka ta fara lalacewa tun ranar da aka kafa ta. Juyin ƙarshe da hannu ake yi. Uwargida na da damar ta tsaya a kan wannan, ta ce, Malam, don Allah a ƙarasa da sukundireba, ba kuma raini ba ne ga sana'arsa.

Bayan an ɗaura sai daidaitawa, wadda kafintoci da yawa ke tsallakewa don sauri. Ɓoyayyen hinjis yana motsa ƙofa ta fuska uku, kowace kusan milimita biyu. Sukurun gaba a kan hannun yana kai ta hagu ko dama. Na baya yana matso da ita kusa da kabad ko ya nesanta ta. Na jikin ƙarfen bango kuma yana ɗaga ta ko sauke ta. Ana so a bar tazarar milimita biyu zuwa uku tsakanin ƙofa da ƙofa, daidai daga sama har ƙasa. Ƙofar da ke gogar maƙwabciyarta ko ke cije da bakin kabad ta ɓangaren hinjis ba za ta rufu da kyau ba ko da wane irin bututu aka sa mata. In ƙofar ƙarama ce mara nauyi, haidirolik biyu na iya yi mata yawa, ta riƙa jan jiki kamar ba za ta isa ba. Wasu hinjis, irin na Blum, suna da ɗan makunni a cikin ƙoƙon da ake kashe birkin guda ɗaya. In babu, sai a sa mai haidirolik ɗaya da maras shi ɗaya, muddin kamfaninsu da siffarsu ɗaya ne.

A kasuwa

Araha ba ta ado, amma tsada ma ba shaida ba ce, domin ana buga sunan manyan kamfanoni a kan kayan da ba nasu ba. Hannu ya fi ido gane gaskiya a nan. A ɗauki hinjis ɗin a ji nauyinsa, a buɗe shi a sake shi a ga ko yana komawa da tafiya ɗaya ba tare da tsalle a farko ba. A girgiza hannun gefe da gefe, in mahaɗan suna kaɗawa tun yana sabo, a ajiye. A duba ko akwai danshin mai a jikin bututun ko a cikin ledar, domin wanda ya fara yoyo a shago ya gama aiki. A kuma nemi wanda ake ɓalle hannunsa daga ƙarfen bango da dannawa ɗaya, saboda yana ba da damar cire ƙofa a mayar ba tare da an taɓa sukurun da ke cikin allo ba.

Mafi yawan hinjis ƙarfe ne da aka yi wa rufin nikel, kuma ya wadatar a busasshen wuri. A ƙarƙashin wurin wanke-wanke kuwa gara a sa na ƙarfen da ba ya tsatsa. Masu saye kan gwada da maganaɗisu, kuma gwajin yana raba baƙin ƙarfe da maras tsatsa, sai dai ba ya raba mai lamba 304 da mai lamba 201 da bai kai shi jure danshi ba, tunda dukansu ba sa kama maganaɗisu sosai. Abin da ke saurin cinye hinjis a wannan kabad ɗin ma sau da yawa ba ruwa ba ne, tururin bilic ne da sauran sinadaran wanki da ake ajiyewa a ciki ba a rufe bakinsu da kyau ba.

Wasu ƙofofi sai da nasu na musamman. Ta kusurwa mai naɗewa biyu tana amfani da hinjis mai buɗewa har digiri 165 ko 170, maimakon 110 na sauran. Ta gilashi mai firam ɗin alminiyam tana da nata siriri. Wadda ake ɗagawa sama sandar gas ce ke riƙe ta, ana kuma sayen ta gwargwadon lambar ƙarfin da aka rubuta a jikin tsohuwar, kamar 80N ko 100N. Wadda ake dannawa ta buɗe da kanta ba ta jituwa da bututun da ake ƙarawa daga baya. Durowa kuwa maganarta daban ce, yawanci sai an canja layin dogon da take tafiya a kai gaba ɗaya.

Yanayinmu ma yana da hannu a ciki. Zafin bazara a Kano ko Zinder yana haura digiri 40, kusa da murhun gas kuma ya fi haka, kuma mai yana tsinkewa da zafi, shi ya sa bututu mai arha kan yi sanyin birki a Afrilu. Ƙurar hunturu na shiga mahaɗai, in ta haɗu da maiƙon suya ta zama danƙo. Busasshen tsumma ko ɗan burushi ya isa a share ta. Kada a ɗiga man gyaɗa ko manja, ƙura suke tarawa. Kada kuma a riƙa danna ƙofar da hannu don ta yi sauri, wannan ne ke fasa robar da ke tsare man, kuma shi ne abin da ya kamata a fara koya wa yara da baƙin hannu a kicin. Ƙofofin katako na gaske suna kumbura da damina su tsuke da hunturu, saboda haka tazarar da aka daidaita a Agusta za ta iya canjawa a Janairu. In an ga haka, rabin juyi a sukurun gaba na hinjis ɗin sama ko na ƙasa yakan mayar da ƙofar layinta, a kuma bi sauran sukurorin da hannu a ji ko akwai wanda ya saki.